Agwagwa a Allon Likitan Ido

Auta bai ma ƙarasa gaisuwa ba ya sauke jakar buroshi a tsakar ɗakin matar yayansa, ya sanar da ita cewa zamanin haruffa masu tsayuwa ƙiƙam kamar sojoji ya wuce.

"Yaya, duniya ta gaji da harafin da ba ya murmushi. Sati uku na yi ina nazari a waya, ko abinci sai an tuna mini. Na gano sirrin. Harafi ma rai gare shi. A ba shi ido, a ba shi ƙafa, a ba shi wutsiya, ki ga yadda zai jawo mai saye tun daga tsallaken titi."

Matar yayan nasa, wadda kowa ke kira Uwar Bene saboda benen shaguna da marigayi mijinta ya bar mata, ta dube shi daga hula har takalmi. Wannan Autan dai shi ne ya yi gyaran agogo har unguwa ta koma tambayar rana lokaci. Shi ne ya yi kiwon zomaye, zomayen suka haƙa rami suka koma gidan maƙwabci da kansu.

"Faɗi abin da ya kawo ka, ina da aiki."

"Ɗakin nan na ƙarƙashin matakala. Shi kaɗai. Nan zan kafa ofishin Farfesan Haruffa."

Auta ya daɗe yana mafarkin ɗakin nan. Ƙarami ne, in ka miƙe tsaye sai matakala ta gaida ƙeyarka, amma yana da ƙofa, yana da makulli, kuma yana kallon titi. A shekara arba'in da ɗoriya Auta bai taɓa riƙe makullin da yake nasa ba.

"Mai gyaran takalmi ma yana so," in ji Uwar Bene. "Shi kuwa sana'arsa ɗaya tun ina amarya."

"Yaya, ki tuna da marigayi."

"Ina tunawa. Shi ya sa ban kore ka tun a zaure ba. Ka saurara. Sati ɗaya na ba ka. Za ka yi wa 'yan hayata alluna kyauta, fentin daga aljihunka. Za ka riƙa share matakala. In aka kawo mini ƙararka sau uku, makulli ya dawo tafin hannuna."

"Uku? Haba Yaya, a mai da ita biyar."

"Biyu."

"A'a, ai sama muke tafiya!"

"Kai ke tafiya sama. Ɗaya."

"Ukun, Yaya! Don Allah a bar ta a ukun!"

"To na yi maka alfarma, uku. Tunda an yi maka alfarma, ka haɗa da wanke kwata."

Auta ya fito da makulli yana gaya wa kansa ya ci nasara a ciniki.

Mai gyaran famfo ne ya fara samun rabonsa. Auta ya hau tsani tun da safe, ya ce kowa ya ja baya, kada a taka masa basira. Kafin azahar ya sauke mayafin da ya rufe allon da shi. Haruffa shuɗaye, masu taushi kamar an jiƙa su, kowanne yana zubar da ruwa ta ƙasansa. Wani ma har ya narke rabi. Can ƙasan allon ya zana ɗan tafki, da kwaɗo a ciki yana ɗaga hannu.

"Wannan salon sunansa Mai Ɗiga," in ji Auta. "Da ka gani ka tuna ruwa."

Aka kuwa tuna. Wata tsohuwa ta zo wucewa, ta tsaya, ta girgiza kai, ta koma gida ta ɗauko bokiti ta ajiye ƙarƙashin allon, ta ce ba ta son ɓarna. Wani mai gida da famfonsa ya fashe ya zo har bakin shagon, ya ɗaga kai, ya ce, "Mutumin da sunansa ma ke yoyo zan kai ɗakin wankana?" Ya juya.

Da la'asar mai gyaran famfo ya haura wurin Uwar Bene da sifana a hannu. Ta kama gefen mayafinta ta ƙulla ƙulli ɗaya a gaban Auta.

"Yaya, mutumin nan bai san fasaha ba."

"Ya san hanyar ɗakina dai."

Washegari aka zo kan mai aski. Auta ya ce ya koyi darasi, wannan karon ba ruwa, sai motsi. Ya zana haruffa masu karkarwa, kowane layi a murɗe kamar hannun da ya yi shi yana zazzaɓi. Ya ba kowane harafi kai da suma da kunnuwa, ya damƙa wa na farko almakashi. Da baƙin fenti ya ƙare masa a harafi na ƙarshe, kunne ɗaya kawai ya samu, sai ya cike gurbin ɗayan da ja. Jan kuwa ya ɗan gangaro.

"Rawar Almakashi ke nan," ya gaya wa mutanen da suka taru. "Ku ji yadda take kaɗawa a ido."

Wani dattijo da ke kan kujerar askin, an yi masa rabin kai, ya leƙo don ya ga abin da ake kallo. Ya ga hannu na rawa, ya ga kunne ɗaya, ya ga ja. Ya dafe kunnuwansa biyu ya bi titi da zanin askin a wuya. Mai aski ya bi shi yana ihun a dawo masa da zaninsa, bai tsaya ko'ina ba sai gaban Uwar Bene.

Ƙulli na biyu.

"Saura ɗaya, Auta. Daga yau kada ka ƙara hawa tsani a gidan nan. Ka zauna a raminka har sati ya cika."

Auta ya zauna, amma basira ba ta zauna ba. Tana ta yi masa ƙaiƙayi a yatsu. Abin da ya fi damunsa kuwa shi ne shagon da ke manne da matakala, na likitan ido.

Dakta, kamar yadda ake kiransa, shi ne babban ɗan hayar benen. Shekara goma sha takwas yana nan. Mutum ne mai sanƙararren wuya, in zai waiwaya sai ya juya da kujerarsa gaba ɗaya, shi ya sa ba ya waiwaya. Yana zama ne daidai ƙarƙashin allon gwajin ido, ya ba allon baya, ya fuskanci mai gwaji. Haruffan duk suna kansa. Sai dai ya ɗaga doguwar sanda ta bisa kafaɗa, ta sauka cif a kan layin da yake so, ya ce, "Karanta." Tun ranar da aka kafa allon bai sake kallonsa ba.

Auta kuwa kullum sai ya kalle shi ta taga, zuciyarsa na ƙuna. Allo ya koɗe, haruffa baƙaƙe, busassu, ba fara'a. Yaya za a yi ido ya warke yana kallon wannan baƙin ciki? Nan ne wurin da haruffansa suka dace. Ba tsani kuma, kujera ma ta isa. In Dakta da kansa ya yaba, wa ya isa ya ƙara kai ƙara?

Da sanyin safiya, lokacin da Uwar Bene ta buɗe shaguna don a yi shara ta haura sama, Auta ya shige da gwangwanayensa. Ya shafe tsohon allon da farin fenti mai saurin bushewa, ya hau aiki. Babban harafin sama ya zama kyanwa mai miƙa. Na biye ya samu baki da fiffike da ƙafafu masu faɗi. Yana gangarowa ƙasa haruffan na ƙanƙancewa, ado na ƙaruwa. A layi na huɗu, inda kowane harafi bai fi ƙwayar wake ba, sai da ya sa wa wani takalmi da hula. Ya fito ya zauna a bakin ɗakinsa ya harɗe ƙafa, yana jiran yabo.

Mutum na farko direban babbar mota ne, ya zo neman takardar shaidar lafiyar ido. Auta ya kasa kunne.

"Karanta na sama," in ji Dakta.

Direba ya ƙura wa allon ido.

"Kyanwa ce, Dakta."

"Me?"

"Kyanwa. Tana miƙa."

Dakta ya sauko da sanda. "Wannan fa?"

"Agwagwa. Da wani abu kusa da ita kamar buta, amma butar tana da gira."

"Shekara nawa kana tuƙi?"

"Ashirin da biyu. Dakta, anya ba allon ba ne?"

"Kowa allon yake zargi," in ji Dakta, yana rubutu. "Shekara goma sha takwas ban taɓa ganin wanda ya shigo nan ya zargi idonsa ba."

Direba ya fito da tabarau mai kaurin gindin kwalba, ya gaida sandar wuta, ya ba ta haƙuri, ya wuce yana lalube.

Ta biyu tela ce. Ta ga kyanwa, ta ga agwagwa, ta ƙara da wani kifi mai lema. Na uku malamin makaranta ne, ya yi gardama, ya ce shi da haruffa yake kwana yake tashi, babu harafi ko ɗaya a bangon nan. Dakta ya ce wannan ya fi na sauran tsanani, ya ba shi tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya. Kafin la'asar mutum tara sun fito daga shagon, titi ya cika da masu ɗaga ƙafa sama-sama suna tsallake ramukan da babu su.

Auta ya ji wani iri, amma ya lallashi kansa. Ciniki dai ya ƙaru wa Dakta. Wannan ai ba ƙara ba ce, godiya ce ke tafe.

Sai ga Dakta ya fito da kansa, fuska a murtuke, ya tara mutanen benen. Ya ce wata cuta ta ɓulla wadda babu ita a littafi, tana mai da rubutu dabbobi. Kowa ya shigo a gwada shi, a fara da mai benen.

Auta ya miƙe. Ya lallaɓa bakin taga. Shi ya san abin da 'yan haya ba su sani ba: karatun Yaya bai wuce ta gane sunanta a takarda ba, shi ma sai an rubuta shi da girma. Amma ko shi da ya sani bai isa ya faɗa ba. Takarda in ta zo sai ta riƙe ta nesa, ta ce, "Karanto mini, in ji ko za ka yi ƙarya."

Ta zauna a kujerar gwaji, ta gyara mayafi, ta ɗaga kai. Ta kalli kyanwa. Ta kalli agwagwa. Sannan a hankali ta juyo ta kalli taga. Auta ya haɗa hannuwa biyu yana roƙo, ya nuna sama, wato marigayi.

"Bismillah, Hajiya. Na sama."

Uwar Bene ta auna abin a ranta. In ta ce agwagwa, ta shiga sahun masu lalube. In ta tona, kowa zai ji cewa a gidanta, da makullanta, aka shiga shagon babban ɗan hayarta. Shekara goma sha takwas kuwa tana zama a benci jikin bangon nan tana jin ana maimaita abu ɗaya.

"E," ta ce. Ba ta ma jira sanda ba. "H, N. T, Z, O. L, D, F, P." Ta zarce har layin ƙarshe, wanda ko masu ido ba sa kaiwa, idonta kuwa a kan Auta, ba ta ko ƙifta ba.

Dakta ya ajiye sanda. "Kun gani? Allo lafiyarsa lau! Ga ido ɗaya da ya rage a unguwar nan. Sauran kuwa sai dai hukuma."

Ta fito ta damƙi Auta a bayan matakala.

"Kafin gobe ka mayar masa da tsohon allonsa."

"Yaya, ai shi ne wannan. A kansa na yi."

Ta rufe ido. "To ka shafe dabbobinka ka rubuta masa irin na mutane."

"Zan gwada, amma hannuna ba ya iya sakin harafi tsirara. Ko ɗan gashin baki ne..."

Ba su gama ba suka ji ƙaras. Dakta ne ya datse shagonsa da sabon kwaɗo, ya ce ba mai shiga sai jami'in lafiya ya zo, kada cuta ta fita.

Da hantsi washegari duba-gari ya iso da takunkumi a fuska da jan zare na killace gida a hammata. Titi ya cika. Masu tabarau tara suna gaba, riƙe da rigunan juna. Mai aski da mai gyaran famfo sun samu wuri mai kyau a bakin ƙofa. Duba-gari ya ce shi ba ya aiki da jita-jita, sai ya gani da idonsa. Aka buɗe, Dakta ya zauna a mazauninsa, duba-gari ya zauna a kujerar gwaji ya ɗaga kai.

Littafinsa ya faɗi ƙasa.

"Minti nawa na yi a gidan nan?"

"Bai fi biyar ba," in ji Dakta.

"Ta kama ni! Ga ta nan, agwagwa! Ni da ko ruwan gidan ban sha ba! A rufe bene! A rufe titi!"

Mutane suka danno kai ta ƙofa da taga, kowa na son ya san ko shi ma ya kamu. Nan gardama ta ɓarke.

"Agwagwa ce."

"Ina agwagwa a nan? Zabuwa ce."

"Zabuwa da wannan ƙafar?"

"Ni dai ko mene ne," in ji mai aski, "ban taɓa ganin mummunan tsuntsu irinsa ba. Kamar mota ta bi ta kansa ta dawo."

"Cutar ma ba ta iya zane ba," in ji mai gyaran famfo. "Da yarinyata ce ta kawo wannan daga makaranta da na ɓoye shi."

Auta na can baya, Uwar Bene ta taka masa ƙafa da dukan nauyinta. Ya cije. Ya haɗiye. Ya tuna makulli. Amma da tela ta ce wuyan ma a karkace yake kamar ɗinkin ɗan koyo, sai abin ya fi ƙarfinsa. Ya fizge ƙafarsa ya bar takalmin a ƙarƙashin tata, ya ratsa taron.

"Jahilci! H ce! H! Ga ƙafa, ga ƙafa, ga fiffike a tsakiya! Karkacewar wuyan da gangan na yi, ita ce ruhin harafin! Awa guda na ɓata a kan wuyan nan!"

Kowa ya juyo ya kalle shi.

Sai aka ji ƙugin kujera. Dakta ne, ya dafa tebur, yana juyawa da ita kaɗan-kaɗan, kamar ana juya babbar mota a lungu. Ya fuskanci bango. Ya cire tabaraunsa, ya goge, ya mayar. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito.

Direba ya zare nasa tabarau, ya ga duniya garau, ya fara naɗe hannun riga. Duba-gari ya sauke takunkumi yana tsince littafinsa, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Uwar Bene ta shigo, ta kama gefen mayafi.

"Tsaya, Yaya!" in ji Auta. "Ƙara uku muka yi. Dakta bai ce komai ba. Ku shaida, ya ce wani abu? Bai ce ba!"

Aka dubi Dakta. Har yanzu bakinsa a buɗe yake, yana nuna kifi mai lema da yatsa.

"Gaskiyarka," in ji Uwar Bene. Ta saki mayafin. "Ni ba na cin haƙƙin kowa. Ka ce haruffa ne, ko? To zauna a kujerar can. Karanta mana aikinka daga sama har ƙasa. In ka kai ƙarshe, ɗaki naka ne, har wankin kwata na yafe."

"Shi ke nan? Yaya, ni na haife su!"

Ya zauna ya harɗe ƙafa mai takalmi a kan marar takalmi. Uwar Bene ta karɓi sandar Dakta ta ɗora a sama.

"E!" in ji Auta.

Ta sauko.

"H, N! Ku ji fa, masu zabuwa."

Ta sauko.

"T. Z." Ya ɗan tsaya. "O. Eh, O ce, ga cibiyarta."

Ta ɗora sanda a layi na huɗu, kan ɗan mitsitsin nan mai takalmi da hula. Auta ya ƙanƙance ido. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ya ja kujera gaba, direba ya mayar da ita baya da shi a kai. Gumi ya tsattsafo masa. Ya tuna ya yi wa wannan ƙafa huɗu, ya tuna ya ji daɗin ƙoƙon bayan, har ya ƙara masa tayoyi don ya yi sauri. Abin da ke ƙarƙashin adon ne ya ɓace masa ƙaf.

"Muna jira, Farfesa," in ji mai aski.

"Wannan..." in ji Auta. "Kunkuru ne a kan keke."

Dariyar da ta tashi sai da ta kai tsallaken titi. A cikinta Dakta ya samu muryarsa, ya ce, "Hajiya, ina da ƙara."

"Na ji, Dakta. Riƙe abarka, ba sai ka wahala ba."

Ta miƙa tafin hannu. Auta ya laluba aljihu, ya daɗe yana lalube kamar aljihun ya ƙara zurfi, sannan ya sauke makullin a hankali. Ya kai bakin ƙofa ya juyo, ya sake duban allon ta saman kawunan mutane.

"Amma Yaya, tsakani da Allah, kunkurun ya yi kyau."

"Ya yi kyau," in ji Uwar Bene, tana ɗaure makullin a bakin zaninta. "Ari kekensa, ka fi saurin barin gidana."